Akwatin gasket na asali na injin Komatsu 6D102: abin da na gani bayan na ɗaura shi a Jidda

A nan Jidda motar haƙa sunanta boklin a bakin kowa, Balarabe da Bahaushe da ɗan Pakistan, sunan da ya samo asali daga kamfanin Poclain na Faransa, ko da kuwa wadda ke tsaye a gabanka ta Japan ce. Wadda zan yi bayani a kanta Komatsu PC200-7 ce, mai injin SAA6D102E-2, silinda shida, lita 5.9, faɗin kowace silinda milimita 102. An kawo mana ita warsha, wato garejin gyara, a bayan tirela cikin zafin watan Yuli, lagiretonta yana amai da ruwa, baƙin manta kuma ya koma kalar shayi mai madara. Mai ita, wani Alhaji Bahaushe haifaffen Makka da ke kwangilar kwashe ɓaraguzai, ya shaida mini cewa ko wata biyar ba a yi ba da aka yi mata gyaran inji gaba ɗaya, wanda a nan ake kira tawdib, kuma ya biya kuɗin da aka nema bai rage ko riyal ɗaya ba.

Da muka ɗaga kan injin, abin da ya faru bai ɓuya ba. Gasket ɗin kan silinda, wato faifan da ke toshe mahaɗar kan injin da bulok (gangar jikin injin), wanda makanikan gida ke kira tof gasket, mutanen nan kuma suke kira wajh, ya ƙone tsakanin silinda ta uku da ta huɗu, zoben ƙarfen da ke kewaye da bakin silindar ya tsage, ruwa ya sami hanya ya gangara cikin mai. Babu sunan kamfani a jikinsa, babu lamba. Fuskar bulok ɗin tana ɗauke da sabon zanen injin sassaƙa, alamar an kai shi makhrata, wato wurin masu sassaƙa ƙarfe, an rage masa tsawo, amma gasket ɗin da aka ɗora mai kaurin asali ne, kamar ba a taɓa bulok ɗin ba. A gefen kan fistin biyu na ga wani ɗan sheƙi, wurin da suka fara taɓa kan injin.

Washegari bayan sallar la'asar na tafi wani shagon kayan manyan injuna a Sina'iyya, unguwar masana'antu, na wani dattijo da na daɗe ina ciniki da shi. Kafin in gama faɗin abin da ya kawo ni ya tare ni da cewa, "Ɗana, ina lambar injin? Kuma an taɓa sassaƙe bulok ɗin ko ba a taɓa ba?" Na ce, "Baba, an sassaƙe, ga lambar kuma na kwafo daga farantin da ke jikin injin." Sai da ya duba ta a kwamfuta sannan ya fito da kaya iri uku ya jera a kan kanta: na asali a akwatin Komatsu, wanda yake karɓowa daga wakilin kamfanin, da na tijari, wato wanda ba Komatsu ne ya yi ba, na wani sanannen kamfani, da kuma wani a leda marar suna, ɗan'uwan wanda na ciro daga injin Alhaji. Na ɗauki na asalin, kuma kuɗinsa ya haura ninki biyu na na tijarin, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya tun watan Yuli na 2020. Wannan akwati shi ne abin da nake son in faɗi ra'ayina a kansa.

Komatsu na sayar da kayan kashi biyu ne. Akwai na sama, wanda lambarsa ke ɗauke da K1, mai ƙunshe da gasket ɗin kan silinda da na marafan bawul da na bututun hayaƙi da robobin wuyan bawul da wasan jan ƙarfe na nozul. Akwai na ƙasa mai K2, inda ake samun gasket ɗin tukunyar mai da na gidan giya na gaba da na abin sanyaya mai da oyil sil, wato zoben da ke hana mai yoyo, na karanshaf, gaba da baya. Wanda zai sauke inji gaba ɗaya yana bukatar duka biyun, kuma na sha ganin wanda ya sayi na sama kaɗai yana zaton ya gama, sai da aka zo haɗa ƙasan injin aiki ya tsaya cik. Wani abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, wannan inji ɗan gidan Cummins ne, jinsin B mai lita 5.9, irin wanda ke cikin Hyundai R210LC-7 da wasu motoci masu yawa, shi ya sa masu shago ke yawan miƙo akwatin Cummins su ce duk ɗaya ne. A wajen gasket ɗin kan silinda maganar tana da tushe, amma tukunyar mai da wurin zaman turbo da wasu ƙananan mahaɗai kan bambanta daga mota zuwa mota, don haka lambar injin ce ya kamata ta yanke hukunci.

Da na koma warsha na ɗora sabon gasket ɗin a kan tsohon a bisa tebur, na kira yarana biyu su gani da idonsu. Na asalin ya fi nauyi a hannu, zoben kowace silinda a naɗe yake sumul babu tudu babu kwari, kuma akwai siririn zaren roba da aka zana kewaye da hanyoyin mai da na ruwa, bai yanke a ko'ina ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ramukan ruwa. A na asalin ba girmansu ɗaya ba, wasu ƙanana ne ƙwarai, domin da su ake tilasta wa ruwa ya zagaya har silindar baya maimakon ya bi gajeriyar hanya ya koma lagireto. A marar sunan kuwa an huda su da faɗi, wasu ma sun ɗan goce daga inda ya kamata su zauna. Mutumin da bai san aikin waɗannan ramuka ba zai ɗauka babban rami ya fi kyau tunda ruwa zai fi gudu, alhali hakan na nufin wani ɓangaren injin yana samun ruwa fiye da bukatarsa, wani kuma yana dahuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, har hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, wannan ɗan bambanci ya isa ya kashe inji.

Sai dai gasket ɗin da ya zo a cikin akwatin mai kaurin asali ne, kuma shi ba zai yi wa injin Alhaji amfani ba. A wannan inji babu silif, wato rigar ƙarfe ta cikin silinda, da ake zarewa, silindar a jikin bulok ɗin aka fafe ta, saboda haka duk abin da aka sassaƙe daga fuskar bulok yana ƙara wa fistin leƙowa sama. Domin haka ne ake yin gasket mai ƙarin kauri na milimita 0.25 da na 0.50. Na kafa agogon awo a kan bulok, na juya karanshaf a hankali, na auna leƙowar fistin shida ɗaya bayan ɗaya, na kwatanta da abin da littafin gyaran injin ya ƙayyade, lissafi ya nuna mai ƙarin 0.25 ake bukata. Na koma wurin dattijon, ya nemo shi da lambarsa daban, muka jira kwana uku. Alhaji ya matsa, ya ce, "Mu'allim, kowace rana motar nan ta kwana a nan asara nake yi, ba ga sabo a akwati ba?" Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wanda ke akwatin mai kyau ne, amma ba na bulok ɗinka ba ne, kuma irin wannan gaggawa ce ta dawo da kai nan." Wannan shi ne babban abin da nake so mai karatu ya riƙe game da akwatin: ingancinsa ba ya maye gurbin awo, kuma wanda bulok ɗinsa ya je makhrata ya sa a ransa cewa zai ƙara kashe kuɗi a kan gasket na biyu.

Ɗaurin kansa bai ba mu wahala ba, domin komai ya zauna a mazauninsa ba tare da an ja ko an datse ba. Mun wanke fuskar bulok da ta kan injin har sai da farin ƙyalle ya fita da tsabtarsa, muka duba miƙewarsu da sandar awo, muka busa iska a ramukan noti domin kada mai ko ruwa ya kwanta a ciki ya yaudari sifanar awon ɗauri. Notin kan injin 26 ne, tsawonsu iri uku, kuma da yake ɗaurin ƙarshe juyi ne na digiri 90 wanda ke ɗan miƙar da ƙarfen, na auna kowanne, na jefar da huɗu da suka wuce iyaka. Akwatin ba ya zuwa da noti, wannan ma kuɗi ne daban. Gasket ɗin an ɗora shi a bushe, rubutun da ke nuna sama yana kallon sama, na gaba yana gaba, ba a shafa masa gam ko silikon ba, sannan aka ɗaure daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, mataki bayan mataki. Bayan haka aka saita bawul da injin a sanyaye, na shigar iska 0.25, na fitar hayaƙi 0.51.

Inda na ga kuɗin akwatin ƙasa ya biya kansa shi ne oyil sil na karanshaf, wanda a nan ake ce wa sufa. Leɓensa ba roba ba ce irin wadda muka saba, wani abu ne mai santsi da ake kira Teflon, kuma yana zuwa da hular leda mai tauri da ke shiryar da shi ya hau karanshaf ba tare da leɓen ya naɗe ba. Ƙa'idarsa ita ce a sa shi a bushe, babu mai babu giris a leɓen ko a jikin ƙarfen, domin a juyin farko yake barin wani siririn shafi a kan karanshaf wanda shi ne ke riƙe man. Shekarun baya, kafin in san wannan, na taɓa shafa wa irinsa mai kamar yadda aka koya mana a kan tsofaffin injuna, kuma cikin mako biyu sai da muka sake raba injin da famfon haidurolik domin a canza na baya. Tun daga ranar nake tsayawa a kan yaro idan zai sa shi. Na ledar nan marar suna ya zo da oyil sil na baƙar roba ba tare da hular ba, abin da ya nuna mini cewa wanda ya haɗa kayan bai damu da yadda aka tsara injin ba.

Haka nan doguwar robar marfin gefe, wadda ke rufe ɗakin sandunan tura bawul. Tana bayan famfon man gas, kuma idan ta fara yoyo sai an sauke famfon kafin a kai gare ta, aikin yini guda saboda roba ɗaya. Ta asalin tana da taushi da kauri, ta kama bakin marfin da kanta. Wasan jan ƙarfe na nozul su ma kaurinsu daidai yake da na waɗanda littafi ya ambata, abin da ke da muhimmanci domin shi ke ƙayyade zurfin da bakin nozul zai shiga silinda.

Ba zan ce kowane abu a injin sai na asali ba. Idan marfin bawul ɗaya daga cikin shidan nan ya fara jiƙewa da mai, ko gasket ɗin bututun hayaƙi ya huje a mota mai aiki, na tijari daga kamfanoni sanannu irin su Victor Reinz ko Elring na Jamus ya wadatar, tunda canza su aikin rabin sa'a ne. Amma a kan gasket ɗin kan silinda, da oyil sil biyu, da na abin sanyaya mai, da robar marfin gefe, wato duk wurin da komawa gare shi ke nufin sake wargaza inji, ni dai na asali nake saye, kuma ina neman rasit mai ɗauke da lambar kayan, domin akwatin jabu mai tambarin kamfani ba baƙon abu ba ne a kasuwa.

Kafin motar ta fita sai da muka bi abin da ya fara sa ta zafi tun farko. Ƙurar siminti ta toshe fuskar lagireto da ta abin sanyaya man haidurolik har haske ba ya ratsawa, an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an jefar, kuma direban yana cika ta da ruwan tanka maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Mun wanke, mun mayar da tamostat, mun canza marfin lagireto, mun sauya baƙin mai sau biyu domin ragowar ruwan ya fita. Bayan ta yi aikin sa'o'i kusan 250 na bi ta wurin aiki a kudancin gari da sassafe, na zare sandar awon mai na ga man baƙi ne tsantsa, na buɗe lagireto da injin yana aiki ban ga kumfa ba, na sa hannu ƙarƙashin gidan filawil da gefen famfon man gas na fito da ƙura busasshiya. Yanzu akwai wata PC200-8 a warsha mai injin 6D107, wanda gasket ɗinsa na faifan ƙarfe ne hawa-hawa kuma yana bukatar fuska mai santsi fiye da na 6D102, kuma na riga na gaya wa mai makhrata ya rubuta mini adadin abin da ya sassaƙe kafin in je wurin dattijon da lambar injin.