GARGAƊI ga masu haɗa sauti a mota: na'urar gwaji ta jabu ta shigo

Salam 'yan uwa masu wayarin da masu haɗa sifika a mota, don Allah a yi hattara. Akwai wani da yake yawo a guruf guruf yana tallar ƙaramar na'urar nan ta hannu mai fitar da sautin gwaji, wadda ake jonawa a RCA, wato bakin da sauti yake shiga amfilifaya, a saita amfilifaya da ita. Hoton da yake sakawa mai kyau ne, da sikirin da maɓallin canza Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) da komai, ya rubuta wai tana yi daga 20Hz har 20,000Hz. To ba ita yake turowa ba.

Salonsa ɗaya ne. Kana yin magana a ƙarƙashin tallar zai ce "oga zo inbos", can zai ce saura guda biyu kacal kuma wani ya riga ya yi magana, ka tura kuɗi kai tsaye kar a bi ta manhajar saye wai cajinsu ya yi yawa. Ka ce ya yi maka bidiyo tana aiki, sai ya ce ai tana cikin kwali a rufe. Wasu daga jin alat ya yi bulokin ɗinsu shikenan. Waɗanda ya turo wa kaya kuwa, ni a ganina sun fi shiga uku.

Na riƙe guda ɗaya a hannuna, ta wani abokin aiki. Roba ce shafal ba nauyi, ba sikirin, makunni ɗaya ne da wayoyi biyu masu bakin kada, an manna sabuwar sitika a kan tsohon rubutun, da muka ɓare sai ga shi ashe na'urar bin sawun waya ce, irin ta masu aikin wayar tarho da intanet, mai kukan nan wiyu wiyu. Ita ma tana da amfaninta, ba ƙarya, amma ba a saita sauti da ita.

Abin da ake buƙata wajen saitin gen, wato maɓallin daidaita ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya, shi ne sauti tsantsa guda ɗaya, wanda in ka duba a osiloskop, na'urar da ke zana siffar sauti a sikirin, za ka ga layin yana hawa yana sauka sumul. 50Hz ko 40Hz na wufa, wato babbar sifikar bas, 1,000Hz na sauran sifikun. Ka cire wayar sifika, ka sa mitar auna wuta a AC ka jona ta inda ka cire wayar, ka ɗaga gen a hankali har ka kai bolt ɗin da lissafi ya ba ka. Misali amfilifaya mai wat 400 a kan sifika mai om 4, ka ninka ya ba ka 1,600, lambar da za ka ninka da kanta ta ba da haka ita ce 40, to bolt 40 kake nema. Kana wuce ƙarfin amfilifayar sai kan layin ya fara yankewa ya baje, nan ne kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin sifika, yake ɗaukar zafi.

Ita kuwa wannan jabun tun daga cikinta sautin a yanke yake fitowa, mai kusurwa huɗu. Ta ina za ka gane inda yankewar ta fara alhali dama a yanke ya shigo? Kuma irin wannan sautin yana tafe da wasu a samansa, ninki 3, ninki 5, ninki 7, waɗanda suke tafiya kai tsaye ga ƙananan sifikun sama, su kuma ba sa jure wahala ko kaɗan. Mitocin nan masu araha ma da sauti mai sumul aka auna su, in ka ba su mai kusurwa sai su ƙara maka wajen kashi 11 cikin ɗari a kan gaskiya. Ka yi saiti a kan ƙarya, mai mota ya tafi, ya dawo da warin ƙonannen kwayil, kai zai riƙe ba mai tallar ba.

Kafin ka biya kowa, ya yi bidiyo da takarda mai sunanka a gefe, ya jona ta a mita mai karanta Hz, ya sa 50 mita ta nuna 50, ya canza zuwa 1,000 ka gani da idonka. Ya faɗi sunan kamfani da lambar samfurin ka bincika da kanka. Ya ƙi, rabu da shi. Kuma kar a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi.

In ma aikin na gaggawa ne ba dole sai ka saya ba, akwai sautukan gwaji kyauta, ka sauke na 50Hz da 1,000Hz a fayil ɗin sauti irin na WAV ka zuba a filas ka kunna ta rediyon motar, ka kashe bas da duk wani ƙarin sauti tukuna. Gane fas (+) da nagetif (-) na sifika kuwa batir mai bolt 1.5 ya isa, ka taɓa sau ɗaya, in fuskar sifikar ta turo waje to wayar da ke kan fas ɗin batir ita ce fas. Banda ƙananan na sama, su kar a gwada musu.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya ajiye sikirinshot na hirar da rasit, ya sanar da bankinsa yau yau, ya kuma yi rifot ɗin akawun ɗin. A tura wa sauran 'yan sana'a.