Tarakta ta hannu don aikin ƙanƙara: wadda na zaɓa, da waɗanda na wuce

Wanda ya taso a Funtuwa ko Zariya ya san tarakta da huɗar damina. A nan karkarar Manitoba ta ƙasar Kanada kuwa, yawancinmu masu ɗan fili a bayan gari ba noma ne ke sa mu nemi tarakta ba. Dusar ƙanƙara ce. Ka kwana lafiya, ka tashi ka tarar iska ta tara ta har gwiwa daga ƙofar gida zuwa bakin titi, ma'aunin sanyi na nuna 30 ƙasa da sifili, ga yara za su makaranta. A irin wannan safiya abu ɗaya kake buƙata daga tarakta, wato ta tashi idan ka murɗa makulli.

Sanyi yana kama tarakta ta wuri uku. Man dizal yana da kakin da ke daskarewa a cikinsa, sai ya toshe matatar mai, shi ya sa gidajen mai a nan suke sauya shi da na hunturu idan kaka ta ƙare. Batir kuma ƙarfinsa raguwa yake yi sosai. Lambar CCA da ake rubutawa a jikinsa ma, wato ma'aunin ƙarfinsa na tayar da inji, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ake gwada ta. Sai baƙin mai, wanda 15W-40 kan yi kauri kamar zuma, dole a koma 5W-40 ko 0W-40. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, da zafin matsa iska yake kunna mai, don haka injin da ya gaji, matsinsa ya ragu, zai yi maka aiki lafiya lau a watan Yuli, ya ƙi ko tari a Janairu.

Ni zaɓina Kubota M7040 ne, mai ɗakin direba da jan taya huɗu, kuma ba zan ɓoye ba, son ta nake. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 3.3, ƙarfin doki wajen 70. Wannan ƙarfi ya isa ya juya injin watsa ƙanƙara na baya ba tare da nishi ba, ya kuma ɗaga dunƙulen ciyawar shanu da bokitin gaba, amma ba ta yi girman da za ta kasa shiga rumfa ba. Babban abin da ya ja ni gare ta shi ne lokacin da aka ƙera ta. Ta fito kafin dokar hayaƙi ta Tier 4 ta tilasta sa matatar toka da ake kira DPF a salansa; wadda ta gaje ta wajen 2013, M7060, tana ɗauke da ita. Matatar nan sai inji ya yi zafi sosai take ƙone tokar da ta tara. Aikin ƙanƙara kuwa na minti ashirin ne, talatin, da barin inji yana ƙugi a tsaye don ya ɗumama, wato dai abin da matatar ba ta so. Manyan na baya-bayan nan har da ruwan DEF mai tsaftace hayaƙi suke sha, shi kuma a digiri 11 ƙasa da sifili yake daskarewa. An yi masa hita, na sani, amma kowace hita wani abin lalacewa ne da ya ƙaru.

Ga kuma sandar sauya gaba da baya da ke kusa da sitiyari. Mai share ƙanƙara yakan yi gaba ya yi baya sau ɗari kafin ya gama hanya ɗaya, kuma in ka sami wadda ke sauyawa ba sai ka taka kuloci ba, gwiwarka ta hagu za ta yi maka addu'a. Ɗakin direba mai hita kuwa, wanda bai taɓa zama a buɗaɗɗiyar tarakta iska na mayar masa da garin ƙanƙara a fuska ba shi ne zai kira shi almubazzaranci. Aibinta ɗaya ne, tsada. Masu ita sun san abin da suke riƙe da shi, ba sa saki da arha.

Massey Ferguson 135 ita ce za ta fara ɗaukar idon ɗan Arewa, don jan fentin nan mun saba da shi tun muna yara. An ƙera ta daga 1964 zuwa 1975, injin Perkins mai silinda uku, kayan gyaranta kamar ƙasa. In filinka ƙarami ne kuma aljihu ya yi sanyi, ka saye ta, ka ɗaura wa tayoyin baya sarƙa, ka sayi hula mai rufe kunne. Amma taya biyu kawai ke ja, in ka cika bokitin gaba bayanta sai ya yi sakayau ya riƙa sulɓi. Ford 8N ta fetur tana tashi a sanyi ba gardama, sai dai da ka taka kuloci sandar PTO, wadda ke juya na'urar da aka haɗa a baya, ta tsaya, ta bar injin watsawa cike da ƙanƙara. Abar sha'awa ce ta ajiyewa a rumfa. John Deere 4440 jaruma ce, doki 130 a PTO da ɗaki mai kyau, amma ta masu eka ɗaruruwa ce, kuma a tsananin sanyi sai an jona mata hitar inji da wuta tukuna. Tarakta Belarus, ƙirar birnin Minsk, an yi ta ne don sanyi, ka dai fara tambayar inda za ka sami kayanta kafin ka taya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake rubutun nan. Taraktata ta farko a watan Satumba na saye ta, hannun wani mutum mai fara'a da ya tarbe ni da kofi. Ina isa na tarar da ita a tsakar fili tana ƙugi, wai ya tayar da ita ne don kada ya ɓata mini lokaci. Na yi ta godiya. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, na murɗa makulli har batir ya mutu. Da na ɗaga kujera sai ga gwangwanaye biyu na feshin tayar da inji, duk fanko. Uwargida tana leƙowa ta taga ta ce, "Maigida, ko in ɗauko maka shebur ne?" Da shebur ɗin na yi wannan hunturu har bakanike ya buɗe injin ya nuna mini zobban fistin da suka karye.

Don haka ka sayi taraktar hunturu a cikin hunturu. Ka gaya wa mai ita tun a waya cewa kada ya tayar da ita kafin ka zo, sannan ka riga lokacin da kuka yi alkawari da rabin awa. Ka cire safar hannu ka taɓa jikin injin da salansa. In da ɗumi, ka tambaya: hitar inji aka jona, ko tayar da ita aka yi? Jona hita a sanyin 25 ƙasa da sifili ba laifi ba ne, kowa na yi. Amma a sanyin 10 ƙasa da sifili lafiyayyen inji ya kamata ya tashi da abin ɗumamar da ke cikinsa kaɗai, ba sai an jona masa wuta ba. Farin hayaƙi na minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Wanda ya ƙi yankewa, ko shuɗi, magana ce. Ka sunsuna wajen matatar iska, ƙamshin feshin nan ba ya ɓuya, kuma a injin da ke da fulogin ɗumama yana iya fashewa tun kafin lokacinsa ya yi ɓarna. Inji na aiki, ka buɗe murfin zuba baƙin mai; in yana furzar da hayaƙi kamar tukunyar dambu, ka yi sallama.

Agogon awanni kuma kada ka ba shi gaskiya shi kaɗai, ana canza shi, wani ma ya daɗe da mutuwa. Ka dubi robar feda, da kujera, da ramin ƙarfen jan tirela na baya. In ramin ya zama kamar ƙwai alhali agogo na cewa awa 1,500, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake. Sabon fenti a kan tsohuwar tarakta ni tsoro yake ba ni, musamman in an fesa har kan tiyo da ƙusoshi. Ka zaro sandar gwada man haidirolik: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma ruwan nan zai daskare ya hana bokiti ɗagawa ranar da ka fi bukatarsa. Ka durƙusa ka duba gindin bawul na tayoyin baya. Manoma da yawa suna cika su da ruwan gishirin kalsiyam don nauyi, shi kuma cin ƙarfen wili yake yi daga ciki.

Sai 'yan damfarar intanet, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa da saukar ƙanƙarar farko. Hoto mai kyau, kuɗi rabin na kasuwa, da labari mai ban tausayi: mijinta ya rasu, ko an yi masa canjin wurin aiki, taraktar na wani lardi, ka tura kafin alƙalami a kawo maka har gida. Ba a cinikin biri a sama. In ba ka taɓa ta da hannunka ba, ko sisi kada ya fita. Ko wadda ka gani da ido ma, ka kwafi lambar jikinta ka bincika a rajistar kadarori ta lardin, domin in akwai bashin banki a kanta, bashin taraktar yake bi, za a iya zuwa a ɗauke ta a ƙofar gidanka bayan ka biya. Ka karɓi takardar ciniki mai ɗauke da wannan lamba da sa hannun mai sayarwa.

In ciniki ya faɗa, tambayi mai ita yaushe ya zuba man da ke cikin tanki. In tun watan Agusta ne, na bazara ne; ka zuƙe shi, ka sa sabuwar matata, ka cika da na hunturu tun kafin ka sauke ta daga tirela.