Zélie ko Sunny: wanne za a fara saya wa yarinya?

Hajiya, kin ce 'yarki mai shekara 14 ta cinye Harry Potter kaf, yanzu ta matsa miki sai kin kawo mata na marubutan Najeriya, kuma a shagon littattafai na Ikeja an miƙo miki guda biyu: Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi da Akata Witch na Nnedi Okorafor. Kuɗin ɗaya ne a hannunki. Duka biyun na karanta su, akasari a cikin motar BRT tsakanin Abule Egba da Oshodi, don haka ga abin da na gani.

Marubutan duka mata ne, a Amurka aka haife su, iyayen Adeyemi Yarabawa, na Okorafor kuma Ibo. Na Adeyemi ya fito a 2018, shafi ɗari biyar da 'yan kai. Labarin Zélie ne, yarinya mai farin gashi a wata ƙasa da marubuciyar ta ƙirƙira mai suna Orïsha, inda Sarki Saran ya karkashe ma'abota sihiri, har da mahaifiyarta. Ita da yayanta da 'yar sarkin da ta gudo daga fada suka ɗauki aniyar dawo da sihirin, ɗan sarki kuma yana biye da su da dakaru. Gudu ne da faɗa tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya taso da Iliya Ɗan Maiƙarfi ko littattafan yaƙi na kasuwar Kano zai gane wannan ɗanɗanon nan take, kuma gaskiya ba ya ajiyuwa. Sau ɗaya har tashata na wuce.

Inda ya ba ni matsala shi ne garuruwan. Babban birnin Orïsha sunansa Lagos, amma mu da muke kwana muke tashi a Agege ba za mu ga ko ƙurar garinmu a ciki ba. Ilorin kuwa ta zama ƙauyen masunta a bakin teku. Duk wanda ya taɓa bin motar dare daga Legas zuwa Arewa ya san nisan Ilorin da teku. Na san ƙagaggen labari ne, tana da ikon ajiye gari inda ta ga dama. Sai dai aron suna aka yi, ba a ɗauko garin ba, kuma mai karatu na gida yakan ji kamar ba don shi aka shimfiɗa tabarmar ba. Ga soyayyar Zélie da ɗan sarkin da ke farautarta, wadda ta tsiro cikin 'yan kwanaki, ni dai ba ta shige ni ba.

Akata Witch ya girme shi, a 2011 ya fito, kuma bai kai shi kauri ba. Jarumarsa Sunny zabiya ce, wato albino, 'yar shekara 12, an haife ta a Amurka, iyayenta suka dawo da ita Aba. A makaranta ana tsokanarta da "akata", kalmar raini da ake jifan baƙaƙen Amurka da ita. Nauyin kalmar ya sa bugun Najeriya na kamfanin Cassava Republic ya fito da wani suna daban, What Sunny Saw in the Flames. Ki kula kada ki sayi littafi ɗaya sau biyu.

A nan Najeriyar da muka sani ce: bulalar malamar aji, uba mai zafin hannu, ƙwallo a fili, har da tafiya wani biki a gindin Dutsen Zuma. Sunny ta gano tana da baiwar sihiri, duniyar masu sihirin kuma tana ɓoye ne a cikin tamu. Abin da ya fi burge ni kuɗinsu, chittim. Sai mutum ya koyi wani sabon abu sannan ya zubo a gabansa, kuma na tagulla ya fi na zinariya daraja. Haka kuma abin da mutane ke gani nakasa ne a jikin yaro, a can shi ne tushen baiwarsa. Da irin wannan nake auna littattafan nan: shin duniyar tana da ƙa'idarta da marubuci ya riƙe, ko kuwa duk sa'ad da jaruma ta shiga tsaka mai wuya sai a ciro mata sabon ƙarfi daga aljihu? A wannan ma'aunin Okorafor ta fi riƙe amana. Aibinta a ƙarshe yake. An daɗe ana tsorata mu da Black Hat Otokoto mai sace yara, da aka zo karawa da shi sai aka gama cikin 'yan shafuka, kamar mai sauri ya kama jirgin ƙasa a tashar Iddo.

Batun da na san yana ranki ko da ba ki faɗa ba: duka biyun akwai tsafi. Na Adeyemi an gina shi kan gumakan gargajiyar Yarabawa, ana kiran sunayensu ana roƙonsu da Yarabanci. Na Okorafor akwai dodanni da iskoki da nsibidi, tsohon rubutun alamomi na kudu maso gabashin Najeriya. Mu ma mun karanta aljanun Dare Dubu da Ɗaya muna yara, amma ke kika san 'yarki, kuma zai yi kyau ki riga ta leƙawa. Wajen zubar da jini na Adeyemi ya fi tsanani nesa, akwai wurin da aka azabtar da Zélie a kurkuku wanda ni babba ma sai da na ajiye littafin na sha ruwa.

Kowanne yana da ci gaba, ki shirya aljihu. Na Adeyemi ya cika uku a 2024. Na Sunny akwai Akata Warrior na 2017 da Akata Woman na 2022.

Da ni ce, Sunny zan fara saya mata. Na Zélie ya jira ta ƙara shekara biyu, ko ki karɓi nawa aro idan kin shigo Agege, sai dai bangon ya sha ruwan damina.