Ragar waya ta akurki: wa take tarewa, wa ke wuce ta

A kantunan kayan gini na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, in ka ce a ba ka ragar kaji, wadda za a fara miƙo maka ita ce mai ido irin saƙar zuma, ana yanka maka da mita. Ita ce mai araha, ba nauyi, almakashin kwano ma na yanka ta. Aikinta na gaskiya hana kaza fita ne. Hana maɓarnaci shiga kuwa, sai an san wane ne tukuna.

Kafin ka sayi ko mita ɗaya, ka barbaɗa toka kewaye da akurki da magariba, faɗin kamu biyu, ka duba da asuba kafin kaji su tattake. Sawun muzuru dunƙulalle ne, ba alamar farce. Na kare da dila da farce, kuma sau da yawa za ka ga inda suka fara tono a gindin raga. Damo da guza masu yawon rana ne, suna barin layin jan wutsiya a tsakanin sawu, ƙwai kuma haɗiye shi suke ɗungurungum, kamar yadda maciji ke yi. In ka tarar da ɓawo a farfashe, ka tuhumi ɓera, hankaka ko kare.

Gawar ma tana faɗin wanda ya yi aikin. Kaji uku ko huɗu a dare ɗaya, cizo a wuya ko ƙeya, naman kusan ba a taɓa ba, wannan hannun tunku ne da danginsa. Matashiyar kaza da aka tarar kanta da wuyanta sun jiƙe da yauƙi, maciji ne ya gwada haɗiya ya kasa. Ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka, uwar na ta kururuwa, ba jini ba gashi: shirwa ko shaho. In kuwa manyan zakaru kaɗai suka ɓace, ƙofa a rufe lafiya lau, to mai ƙafa biyu ne, maganinsa kwaɗo. Mutuwar da ke zuwa da hunturu babu rauni, da koren zawo da murɗewar wuya, galibi cutar Newcastle ce, raga ba ruwanta. Allurar rigakafinta LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Garwa, na haɗawa.

A rufin sama, ragar saƙar zuma ta cancanci kuɗinta, don shirwa da hankaka ba sa keta ta. A bango ne take ba da kunya. Mai ido milimita 50 'yan tsaki na fita ta ciki, tunku na cusa kai. Mai 25 ɓera matashi da maciji na ratsawa. Wayar siririya ce kuma murɗa ta aka yi, ba walda ba, shi ya sa kare in ya ja da haƙori idon ke buɗewa. Layin ƙasa, inda kashin kaji da ruwan damina ke haɗuwa, nan tsatsa ke fara ci, musamman in tutiyar da aka lulluɓe wayar da ita ba ta kirki ba ce.

Don haka mita ɗaya na ƙasa a sa mai ido murabba'i ta walda, milimita 13. Ta fi tsada, amma ita ce ke tsare dare. A kanti ka gwada: in babban yatsanka ya shige ido, ajiye ta. A binne santimita 30 a ƙasa, ko a shimfiɗa santimita 40 waje a danne da duwatsu saboda masu tono. Ƙusa kowane santimita 10, a ɗora siririn katako a kai, a shafa wa ginshiƙai baƙin mai saboda gara. A duba ƙasan ƙofa kuma, don yawanci nan ake barin ratar da ta fi idon ragar girma.