Shamfun ketoconazole da ƙyasbin da ya dame ni

A bazarar da ta wuce maiɗakina ta fara lura da wasu tabbai fari-fari a gadon bayana. Kafin damina ta kankama sun haye kafaɗa da wuya, wasu har sun haɗe da juna. Ba zafi, ƙaiƙayin ma sai na yi gumi. Amma da na sa farce na kankara, sai wani gari mai laushi kamar dusa ya tashi. Duk wanda ya gani sai ya ce ƙyasbi ne.

Kemis na fara zuwa, aka ba ni wani man shafawa mai haɗi uku. Ya lafa na mako biyu, ya dawo ya fi na da. A asibiti ne likitar fata ta gaya min cewa akwai sitiroyid a cikinsa, mai kwantar da ƙaiƙayi yayin da ƙwayar cutar ke ci gaba da yaɗuwa. Abin da ta fara yi ya burge ni: ta ce in rufe ido, ta riƙa taɓa tabbai da auduga tana tambaya, "Malam, ka ji nan?" Na ji ko'ina. Ashe farin tabon da ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta, ita kuwa maganinta daban ne.

Ta rubuta min shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100. In shafa a jiki, in bar kumfar minti 5, sannan in wanke, kullum har kwana 5. Abin da ke kawo ƙyasbi, in ji ta, wata ƙwayar fangas ce mai suna Malassezia. Tana kan fatar kowa, zafi da gumi da maiƙo ne ke sa ta yi yawa. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka daga wani. Wannan maganar ta sanyaya min rai, don har na fara ware tawul da sosona daga na yara.

Gaskiya shamfun ya yi aiki. A kwana na huɗu na kankara, babu gari. Amosanin kaina ma da na daɗe ina fama da shi ya ragu sosai, tunda danginsu ɗaya.

Inda na so in karaya shi ne launi. Garin ya tafi, amma farin tabon yana nan daram, har na ɗauka jabu na saya duk da na duba lambar NAFDAC. Sai da ya ɗauki kusan wata 3 kafin fatar ta daidaita. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙara magani a banza.

Shamfun yana busar da fata, idan kuma ya shiga ido akwai raɗaɗi. Kwalbar ma ƙarama ce ga mai wanke baya da ƙirji. Kuma kada a ɗauka maganin duk wata fata mai saɓa ne. Da ɗan ƙanwata ya yi makero a ka, mai da'ira da zubar gashi, shamfun kaɗai bai isa ba, sai da aka ba shi griseofulvin na sha na makonni, saboda ƙwayar tana cikin silin gashi. Kirci kuwa ba fangas ba ne sam.

Likitar ta ce ƙyasbi kan dawo lokacin zafi, don haka daga watan Maris zan koma wanka da shi sau ɗaya a wata.