Wane ma'aunin girgiza za ka saya don gwajin ƙaramin tauraron ɗan'adam?

Duk ɗalibi ko malamin injiniya a Katsina ko Daura da ke shirin haɗa CubeSat, wato ƙaramin tauraron ɗan'adam mai siffar akwati, ya yi lissafi tukuna kafin ya tura kuɗi. Girgizar roka barkatai take zuwa, daga 20 zuwa 2000 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa) a lokaci guda. Ƙa'idar gwaji ta GEVS ta NASA ta ɗora 14.1 Grms (matsakaicin ƙarfin girgiza a ma'aunin g, wato ƙarfin jan ƙasa) a kan kayan da bai wuce kilo 22.7 ba, kuma tsakanin 50 da 800 Hz ƙarfin yana kai 0.16 g²/Hz.

Ɗauki allon lantarki mai amsa girgiza a 200 Hz, ka sa Q, wato yawan ninka girgizar da allon ke yi a wannan mitar, ya zama 10. Lissafin Miles na 1954 ya ce ka ninka 1.57 da 200 da 10 da 0.16, ka cire tushen murabba'i: kusan g 22. Ninka sau uku don bugu mafi tsanani, g 67 ke nan, kuma shi ne abin da ma'auninka zai iya ɗauka.

To, ma'aunan ADXL345 da MPU6050 a g 16 suke tsayawa, ka bar wa masu haɗa mutum-mutumi. ADXL1002 yana kai g 50, ba laifi, amma 67 ta fi ƙarfinsa.

Nawa zaɓin shi ne IEPE, ma'aunin girgiza mai ɗan lantarkinsa a ciki, mai 10 mV/g (millivolt 10 ga kowane g). Yana ɗaukar g 500, mitarsa ta wuce 2000 Hz da nisa, ga shi ƙarami. Nauyin nan ba wasa ba ne: in ma'auni ya haura kashi ɗaya cikin goma na abin da aka manna shi, zai ja mitar ƙasa ya ba ka ƙarya. Yana buƙatar wuta tsayayya kamar 4 mA, da na'urar da ke karatu aƙalla sau 5120 a daƙiƙa. Ka ɗaure shi da ƙusa ko gam mai ƙarfi, maganaɗisu na ɓata karatun mitoci na sama.

Sai batun 'yan damfara. Ma'auni da yawa a intanet tsoho ne da ya taɓa faɗuwa ƙasa, aka goge aka sa a sabon kwali. Ka nemi takardar awonsa, ka tabbatar lambar jikinta ita ce a jikin ƙarfen. Hoton takarda ɗaya ake raba wa mutum goma. Da ya iso, ka ba shi wuta ka auna: mai lafiya yakan zauna tsakanin volt 8 da 12. In ka ga sifili ko cikakkiyar wutar da ka ba shi, fara duba waya, don ƙurar hunturu na shiga bakinta. In wayar lafiya lau take, mayar musu da kayansu.