Ƙofofin ƙarfe masu baka mai tsini a Maraɗi: abin da masu walda suka iya da inda suke gazawa

A sababbin gidajen Ali Ɗan Sofo da unguwar Zariya ana yawan ganin ƙofofin ƙarfe masu baka mai tsini, da furen ganye uku a sama, da kawunan mashi a jere. Masu walda daga hotunan waya suke kwaikwayon su, kuma sunan salon Gotik. A Faransa ya kafu a ƙarni na 12. An keɓe sabon sashen cocin Saint-Denis, kusa da birnin Paris, wanda aka gina da wannan salo, a 1144. Mai jin nauyin sa shi a gidansa ya sani cewa baka mai tsini ya girmi cocin nan: masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, cike yake da shi.

Samari da yawa sun ɗauka baƙin fenti ne Gotik, don haka suke gani a finafinan ban tsoro da jikin riguna. A ƙofa kuwa, awo ne. Layuka su miƙe sama, bakuna su zama sirara, tsayi ya rinjayi faɗi.

Ga yadda ake fitar da bakan. A kafa ƙusa a gindin hagu, a ɗaura igiya daidai faɗin ƙofar, a ja lanƙwasa daga gindin dama zuwa sama. A mayar da ƙusar dama, a maimaita. Inda layukan biyu suka haɗu nan ne tsinin. Ƙofa mai faɗin santimita 90 bakanta zai tashi kusan santimita 78. Babbar ƙofar mota mai mita 3 ba ta ɗaukar baka ɗaya, domin zai kai mita 2.6; sai a raba kowane ƙyaure gida uku, santimita 50 kowanne, tsayin baka santimita 43.

A nan aiki ya fi lalacewa. Mai sauri yakan lanƙwasa bututu guda ya karya shi a tsakiya, sai tsinin ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kumburi. Maigida, ka ce a lanƙwasa gida biyu a kan ma'auni ɗaya, a ɗora su bisa juna ka ga sun daidaita kafin a kama su da wuta.

Wajen ƙarfi ba a raina masu waldar garin nan, muddin an saya musu kayan kirki. Firam ya zama bututu mai kusurwa huɗu, milimita 40 a kowane gefe, kaurinsa kada ya gaza 1.5. Wanda bai kai milimita 1 ba, sandar walda huda shi take yi, sai a toshe ramin da abin cike a rufe da fenti. Ƙyaure mai ado da yawa nauyi gare shi, marataya uku yake so, in ba haka ba zai sunkuya ya riƙa jan ƙasa.

Fenti ne rauni na biyu. Ruwan damina yana shiga ta tsinin da ba a rufe da walda ba, ya taru a gindi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. A rufe tsinin ruf, a huda ƙaramar kafa ta milimita 6 a ƙasa, a goge dattin walda, a shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu kafin na ado. Baƙi yana da kyau ga wannan salo, amma ƙofar da ke kallon yamma ba ta taɓuwa saboda zafin rana a watan Afrilu, kuma ƙurar hunturu a kansa ta fi fitowa. Kore mai duhu ko ruwan ƙasa ya fi jurewa.

Gilashi mai launi a zagayen sama yana ƙara wa zaure haske. A bar masa sarari milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, don ƙarfe na buɗewa da zafi, gilashin da aka matse kuwa tsagewa yake yi.